Amsa kan ɗan da bai zauna ba a wata goma

Ƴar'uwa, kin ce ɗanki ya cika wata 10 bai zauna ba, kuma ya jinkirta kuka ranar haihuwa, kina tsoron raunin ƙwaƙwalwa mai taɓa motsi. Damuwarki tana kan hanya, domin yawancin yara suna zama da kansu kafin wata 9. Ki kai shi Babban Asibitin Damagaram. Likita zai kwantar da shi rub da ciki ya ga ko yana ɗaga kai, ya lanƙwasa ƙafafunsa ya ji taurinsu, ya duba ko hannu ɗaya kullum a dunƙule yake. Idan an tabbatar da raunin, akwai ma'aunin iya motsi da ake kira GMFCS mai matakai 5, daga yaron da ke tafiya da kansa zuwa wanda sai an ɗauke shi. Kada ki jira a yaye shi, Allah ya ba shi lafiya.