Shin duk duniya "a.m." ake rubutawa?

Malam, ka tambaya ko kowane harshe da a.m. yake nuna awannin safe. A'a. Asalinsa Latin ne, ante meridiem, wato kafin tsakar rana. Larabawa harafin ص suke sawa, daga sabahan. Japanawa kuwa gozen suke cewa, kuma kafin lambar suke rubuta shi. Faransa da Jamus agogon awa 24 suka fi bi a rubuce, shi ya sa a Nijar, mai bin salon Faransa, za ka ga 15h, wato ƙarfe 3 na rana.

Na Swahili ya fi burge ni, don daga fitowar rana suke ƙirgawa: ƙarfe 7 na safe a wurinsu saa moja asubuhi ne, awa ta farko. In za ka yi alƙawari da mutumin Tanzaniya, ka tambaye shi da wane lissafi yake nufi.