Tambaya da Amsa: Da na shiga ɗaki sabis ya gudu, tsohuwar wayata za ta gyaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah ina da wata waya Android da na kai shekara shida ina riƙe da ita, ni dai ba ta min laifin komai ba sai abu ɗaya, da na shiga ɗaki sabis ya gudu, a kira ni a ce wai a kashe take alhalin tana hannuna, sai na fito waje ko na manne a jikin taga sannan a ji ni. Wani abokina ya ce akwai wata 'yar sitika da ake liƙawa a bayan waya tana jawo sabis, wani ya ce na sauke manhajar ƙara sabis, mai gyara kuma ya ce na kawo ya canza min eriya. Wanne zan kama? Wallahi ba na son rabuwa da wayar nan. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Bari mu fara sallamar mutum biyun farko tukunna. Sitikar nan ba ta yin komai, ba ta haɗe da eriyar wayar ba ta da wuta, ado ne kawai ka liƙa. Manhajar ma haka, iyakarta ta kashe maka sabis ta sake kunnawa, abin da kai ma za ka yi da hannunka idan ka danna alamar jirgin nan ka jira 'yan daƙiƙu ka cire, sai dai ita za ta haɗa maka da talla da shan batir. Babu wata manhaja da za ta ƙara wa ƙarfe ƙarfi.

Shi mai gyara akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa amma kar ka yi saurin miƙa masa wayar, sai ka fara gano waye mai laifin, domin mutum uku ake tuhuma a nan: wayar, ginin da kake ciki, da kamfanin layinka. Gwajin kuma ba ya cin ko sisi. Ka samu wani mai sabuwar waya ku tsaya a wuri ɗaya cikin ɗakin, ka cire sim ɗinka ka saka a tasa. Idan tasa ta kama raɗau to wayarka ce, idan ita ma ta yi shiru ka bar zargin baiwar Allah, gini ne ko layi. Sai kuma ka jarraba sim na wani kamfanin a taka, sau da yawa mutum zai yi ta zagin waya ashe ƙarfen sabis ɗin kamfaninsa ne ya yi nisa ko ya juya wa gidansa baya.

Kuma ka daina yarda da sandunan nan na saman sikirin, babu wata doka da ta tsayar da ma'anarsu, sanda uku a wata wayar sanda ɗaya ce a wata. Ainihin ma'aunin lamba ce da ake kira dBm, a Android za ka same ta a cikin setin, wajen bayanin waya, sai yanayin sim. Masu iPhone kuma *3001#12345#* suke dannawa kamar za su yi kira. Lambar tana zuwa da alamar ɗebewa a gabanta, saboda haka -80 ta fi -105 kyau nesa ba kusa ba, idan ka ga ta gangara wajen -115 ko -120 to kiran ma sai addu'a. Abin da mutane ba su sani ba shi ne duk raguwar 10 a lambar nan tana nufin ƙarfin ya ragu ninki goma, wato idan a waje ka ga -85 ka shiga ɗaki ka ga -105, ba ɗan ragi aka yi maka ba, kashi ɗaya cikin ɗari ne ya samu ya shigo, bango ya cinye sauran.

To me ya sa bango yake ci haka? Siminti mai kauri da rodi a ciki, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, ragar taga ta ƙarfe, har da irin gilashin zamani mai hana zafi shiga wanda aka shafa masa siririn ƙarfe a jiki, duk waɗannan kamar keji suke wa waya. Tun 1836 wani masani ɗan Ingila Michael Faraday ya nuna cewa abin da ƙarfe ya kewaye yana samun kariya daga lantarkin waje, shi ne yau yake hana ka amsa kira a gado. Sannan maganar hanya biyu ce fa, ba jin ƙarfen sabis kawai wayar za ta yi ba, dole shi ma ya ji ta, shi kuwa babba ne mai murya ita 'yar ƙarama, shi ya sa wani lokacin kana jin mutum sarai shi yana ta halo halo ba ya jin ka.

Yanzu ga inda tsufan wayar yake shigowa, kuma nan ne zan ɗan ɓata maka rai. Kamfanoni suna aika sabis a kan zango daban-daban, akwai na ƙasa irin su megahaz 700, 800 da 900, akwai na sama irin su 1800, 2100 da 2600. Na saman sun fi ɗaukar data da yawa amma ragwaye ne a gaban bango, na ƙasan su ne masu tafiya nesa su ratsa gini. Da yawa daga cikin tsofaffin wayoyi, musamman masu araha da waɗanda aka ƙera don wata ƙasar daban aka shigo da su, ba su da 4G na 800 ko 700, wanda a takardar waya ake rubutawa B20 da B28. Kamfaninka zai iya kasancewa yana watsa wannan zangon har cikin ɗakinka amma wayar kurma ce a wajen. Wannan kuwa ba abin da mai gyara zai ƙara ba ne, a jikin allon da ke cikin wayar, wato injinta, aka ƙera shi tun daga masana'anta, duk wanda ya ce zai yi maka filashin ya buɗe shi ka riƙe kuɗinka.

Abin da mai gyara zai iya shi ne maido da abin da ya lalace. Ka tuna, an taɓa canza mata sikirin ko wajen caji? Ta taɓa faɗuwa ko ta sha ruwa? Akwai wata siririyar waya a ciki da take haɗa allon sama da na ƙasa, da wasu 'yan ƙananan ƙarafa masu taɓa eriya a jikin murfi, wallahi sau tari wajen rufe waya ake barin ɗayansu bai zauna ba, mutum ya dawo gida ya ga sabis ya ragu bai san dalili ba. Idan matsalar ta faro ne bayan gyara, to koma a buɗe a duba. Batir ma a duba shi, domin inda sabis ba shi da ƙarfi waya ɗaga murya take yi, tana jan wuta sosai, batir ɗan shekara shida kuwa ya gaji, shi ne za ka ga tana zafi ko ta ɗauke ana tsakiyar magana. Idan ya kumbura ma kar ka jira komai, a cire shi.

Ka cire rigar wayar idan mai ƙarfe ce ko mai maganaɗisu ka ga ko lambar za ta motsa. Yadda kake riƙe ta ma yana tasiri, a 2010 da iPhone 4 ta fito mutane sun yi ta ƙorafin sabis yana faɗuwa idan tafin hannu ya rufe gefen ƙasa na hagu, har sai da Apple ya raba riguna kyauta. Sim ɗin ma idan tun na zamanin da ne ka je a sabunta maka shi da lambarka, tsoho sosai ba ya hawa 4G.

A cikin setin kuma ka gwada tsayar da ita a kan 2G kawai idan kira ne damuwarka, saboda 2G yawanci a kan 900 yake kuma ya iya shiga lungu, amma wannan dabarar kwananta ya kusa ƙarewa a wurare da dama, kamfanoni suna ta kashe tsohon sabis irin su 2G da 3G, a Amurka manyan kamfanonin sun rufe 3G tun 2022. Inda aka yi haka wayar da ba ta da VoLTE, wato kira ta kan 4G, ta zama ta kallon hoto kawai.

Ni dai da ni ne kai ga abin da zan yi, maimakon na yi ta kokawa da wayar sai na shigo da sabis ɗin ta wata ƙofar. Ka zagaya gidan da lambar nan ta dBm a buɗe, ka gano tagar da ta fi kyau, ka ajiye ƙaramar na'urar intanet mai cin sim a wajen, ita ta kamo daga waje ta raba maka Wi-Fi a ciki, wasu ma suna da wajen ɗaura eriyar waje a kafa ta a sama. Daga nan kiran WhatsApp ya wadatar, idan kuma wayarka da kamfaninka duka suna da kira ta Wi-Fi sai ka kunna shi, lambarka ta yau da kullum za ta yi ringin a ƙuryar ɗaki ko babu sanda ko ɗaya. Dole sai su biyun sun yarda fa, ɗaya ba ya isa.

Za ka ji ana tallar busta, wato na'urar ƙara sabis, mai eriya a waje da akwati da wata eriyar a ciki. Tana aiki idan akwai sabis mai kyau a waje da za ta ƙara, ba ta ƙirƙiro shi daga babu, kuma marar kyau ko wadda aka kafa eriyoyinta kusa da juna tana yin kuwwa kamar lasifika da makirfo ta ɓata wa maƙwabta nasu, shi ya sa ƙasashe da yawa suka sa mata doka. Ka tambayi kamfanin layinka kafin ka saya.

Idan gwajin sim ɗin nan ya nuna wayar ce kuma an buɗe ba a ga abin da ya cire ba, to haƙuri za ka yi, ka bar ta a gida tana aiki da Wi-Fi tunda kana ƙaunarta, ka nemi wata don kira. Ranar sayen kar kyamara ta ɗauke maka hankali, ka duba ainihin lambar samfurin a jikin kwali domin suna ɗaya yana iya zuwa da zango daban-daban, ka tabbatar tana da B8 (wato na 900), B20 da B28 ko dai wanda kamfaninka ya ce yana amfani da shi, da VoLTE da kira ta Wi-Fi. In ka auna lambar nan a waje da cikin ɗaki ka sake rubuto mana su biyun da samfurin wayar, sai mu ga ko mai gyaran naka zai ci kuɗinka ko a'a.