Sujada Biyu a Majami'a Ɗaya

Tambaya: Ni 'yar Zumuntar Mata ce a wata ikilisiya a Gombe. Tun da aka raba sujadar Lahadi gida biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa da hantsi, 'ya'yana suna fitowa ni kuwa ina shiga, yanzu kuma wasu matasa sun fara cewa a soke ta Hausa gaba ɗaya. Shin suna da gaskiya?
Daga wata uwa, Tumfure, Gombe.

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya. A ganina soke sujadar Hausa kuskure ne babba. Tun shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da wannan harshe ne Batangale da Bawaje da Basayi suka iya zama a benci ɗaya, suna rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. Har gobe, dattijuwar da ta zo daga Kaltungo ko Billiri ta zauna wurin ɗanta a birni, da Hausa take jin wa'azi ya ratsa ta.

Sai dai matasan ma ba a banza suke magana ba, domin da yawansu da Turanci suka yi karatu, kuma in an ba su karatun nassi da Hausa sai su yi ta tuntuɓe a gaban jama'a. Abin da ya fi damuna shi ne yadda a wurare da dama ake ware wa sujadar Turanci kayan kiɗa da gogaggen mai wa'azi, a bar ta Hausa da sanarwa mai tsawo da jama'ar da zafin rana ya riga ya gajiyar. Ikilisiyar farko ta ga irin wannan: a Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu mata wajen rabon abinci, manzanni kuwa ba su yi watsi da kukan ba, sai suka sa aka zaɓi mutum 7 su kula da lamarin.

Saboda haka ki kai maganar gaban fasto da dattawan ikilisiya ta hannun shugabar Zumuntar Mata. Ku roƙi a riƙa haɗa sujada ɗaya a ranar Jibin Ubangiji, da tafinta a gefen mai wa'azi, mata su kawo waƙa da tulu da caki, ƙungiyar matasa ta biyo da tata. A gida kuma, ki riƙa ba yaran karatun Zabura da Hausa a lokacin addu'ar dare, kina gyara musu a hankali.