Bayit 8 na'ura ta turo, Python ta ce 5: ina sauran ukun?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. ESP32 ɗina (ƙaramar na'ura ce da ake rubuta wa shiri) yana turo tsarin C (`struct`) mai `uint8_t` (lamba mai bayit 1) sannan `uint32_t` (lamba mai bayit 4). Da na sa `struct.unpack('<BI', data)` a Python, sai ta ce bayit 5 take jira, ni kuwa 8 nake samu. Ina matsalar?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Na'urarka lafiyarta ƙalau. A abin da ka rubuta, `B` bayit 1 ne, `I` bayit 4, su ne 5 ɗin da Python take jira. Alamar `<` ce ke yin aiki biyu, kai kuma ɗaya ka lura da shi.

Aikin farko shi ne jerin bayit. Lambar 1000, wato 0x000003E8, a ESP32 da kwamfutocin Intel ana ajiye ta da ƙaramin bayit a gaba: E8 03 00 00. Da za ka karanta waɗannan da `>`, mai sa babban bayit a gaba, sai ka ga sama da biliyan 3.8. Alamar da ka sa kuwa ƙaramin bayit a gaba take nufi, don haka nan dai ka zaɓi daidai.

Aiki na biyu shi ne wanda mutane ke tsallakewa a jadawalin takardun Python, domin a gefen dama yake. Da zarar ka sa `<`, `>`, `!` ko `=`, ka kashe ciko, wato bayit na banza da ake cusawa tsakanin lambobi don daidaita zamansu. Shi kuwa C, a kan ESP32, yana zaunar da `uint32_t` a adireshin da 4 ke raba shi, don haka bayan bayit ɗinka na farko sai ya cusa bayit 3 na banza. Su ne ukun da kake nema. Rubuta `'<B3xI'`, kowane `x` bayit ɗaya ne da za a tsallake, ka gama.

Wani zai ce ka cire `<` kawai, tunda `'BI'` yana ba da 8 a yawancin kwamfutoci. Ban yarda da wannan shawara ba. Ba tare da alama ba, Python tana bin dokar injin da take kai ne, ba ta na'urar da ta turo ba. Dubi harafin `l`, mai nufin lambar `long` ta C: bayit 8 ne a Linux mai bit 64, amma 4 a Windows.

Akwai wani tarko kuma: Python ba ta sa ciko a ƙarshe. Da `uint32_t` ne a gaba, C zai ce 8, `calcsize('IB')`, mai ƙirga bayit a Python, ya ce 5.

Tunda kai ke rubuta shirin na'urar, buga `sizeof` (girman tsarin) da `offsetof` (inda kowace lamba ta fara) a can, ka gwada su da `calcsize` kafin ka karanta ko bayit ɗaya.