Bugun zuciya ga yaro matashi

'Yar'uwa, kin tambaya ko shaye-shaye zai iya jawo wa ɗan shekara 17 bugun zuciya. Ƙwarai kuwa, ko da zuciyarsa lafiya lau take. Hodar iblis tana matse jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, ta sa jinin ya daskare a ciki. In aka haɗa ta da giya, abin ya fi muni. Sholisho kuwa, shaƙa ɗaya na iya rikita bugawar zuciya nan take.

In kika ga ya dafe ƙirji, gumi na keto masa, ciwon na sauka hannun hagu, a garzaya asibiti. Don Allah kada a ɓoye wa likita abin da ya sha, domin maganin da za a ba shi ya danganta da hakan.