Yaron shago na goge min fomula a Excel, kuma yana ganin ribata

Wata Hajiya mai sayar da shinkafa da man girki a Asawase da ke Kumasi ta turo min tambaya. Ta ce ɗan ƙanwarta ne ke shigar mata da ciniki a Excel, wani lokaci yana danna abu jimilla ta rikice, ga shi ba ta so ya dinga ganin nawa take saro kaya. Wai ya za ta kulle?

To Hajiya, abu biyu kika haɗa a nan. Na farkon mai sauƙi ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, duk wani gida da ke Excel, wato ɗan akwatin da ake rubutu a ciki, dama a kulle ya zo, kawai dai kwaɗon ba ya kamawa sai kin kunna Protect Sheet. Shi yasa wasu suna kunnawa sai komai ya daskare, yaro ma ya kasa rubuta ciniki, su ce abin ya lalace.

Ki danna Ctrl da A ki zaɓi duka shafin, sai Ctrl da 1, ki shiga Protection ki cire alamar da ke kan Locked. Yanzu ki danna F5, Special, ki zaɓi Formulas, zai kamo miki duk gidajen da ke da fomula su kaɗai ba sai kin bi ɗaya bayan ɗaya ba. Ki koma Ctrl da 1 ki sa alama a Locked da Hidden duka biyun. Sai ki je Review, Protect Sheet, ki sa fasawod. Shikenan, yaro zai shigar da adadin buhu da kuɗi amma fomula ba zai taɓu ba, ba zai ma fito a layin sama ba in ya danna gidan.

Na biyun kuma a nan nake so ki natsu. Hidden fomular kaɗai yake ɓoyewa, amsar tana nan ƙarara. A ce buhu kin sa shi sidi 650 kuma akwai layin da ke nuna riba sidi 50, ai ko ɗan firamare ya san 600 kika saro. Kuma gaskiya wannan fasawod ɗin na shafi ba wani ƙarfi gare shi ba, an yi shi ne don hana kuskure, duk yaron da ya ɗan iya kwamfuta zai iya cire shi, yaran yanzu kuwa kin san su.

Ni a ganina kar kuɗin sari ya zauna a fayil ɗin shago kwata-kwata. Ki buɗe wani daban naki ke kaɗai, ki shiga File, Info, Protect Workbook, Encrypt with Password, wannan ne ke hana a buɗe fayil ɗin gaba ɗaya. Amma fa ki rubuta fasawod ɗin a takarda ki adana a gida, don in ya ɓata ko Microsoft ba za su dawo miki da shi ba. Na shago ya ƙunshi kwanan wata, kaya, adadi, farashin sayarwa da ko kuɗi hannu ne ko MoMo, wato biya ta waya, da yamma ki kwashe jimilla ki zuba a naki.

In kuma Google Sheets kuke amfani da shi ki faɗa min, don shi yana hana gyara amma ba ya ɓoye fomula.