Shin Manhajoji Goma Masu Basira Sun Fi Guda Ɗaya Iya Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ke shirin fara digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta, kuma ina so bincikena ya kasance a kan ƙirƙirarriyar basira. A 'yan kwanakin nan duk inda na duba sai in ga ana maganar haɗa manhajoji masu basira da dama su yi aiki tare, wannan ta tsara, waccan ta rubuta, wata kuma ta duba. Shin sabon fanni ne wannan? Kuma tunda an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ashe ba za a ce manhajoji goma sun fi guda ɗaya ba? Idan haka ne, me ya rage wa mai bincike ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba da sa'a a karatun da za ki fara. Fannin ba sabo ba ne, ya haura shekara arba'in ana aiki a kansa. Yawa kuma ba ya ƙara inganci da kansa, sau da dama ma rage shi yake yi, kuma wannan matsalar ce ta sa fannin ya kafu tun farko, ita ce kuma ta bar wa mai bincike aikin da bai ƙare ba har yau.

Masana suna kiran kowace irin wannan manhaja wakili, wato abin da ke lura da yanayin da yake ciki, ya yanke shawara da kansa, sannan ya aikata wani abu domin cim ma burin da aka ɗora masa. Wakili zai iya zama mutum-mutumi mai tayoyi, ko manhajar da ke saye da sayarwa a kasuwar hannun jari, ko na'urar da ke sarrafa danja a mahaɗar hanya. Idan wakilai biyu ko fiye suka haɗu a fage ɗaya, ta yadda abin da ɗaya ya yi zai shafi sakamakon ɗayan, to an shiga fagen tsarin wakilai masu yawa. Tun a shekarun 1970 masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka suka gina wani tsari mai suna Hearsay-II domin fahimtar maganar baka, inda ƙananan manhajoji masu ƙwarewa daban-daban suke rubuta hasashensu a allo guda, kowace tana ɗorawa a kan abin da 'yar uwarta ta rubuta. A 1980 Reid Smith ya wallafa ƙa'idar raba aiki ta hanyar kwangila: wakili mai aiki a hannu ya yi shela, waɗanda suke ganin za su iya su miƙa tayi, shi kuma ya zaɓi wanda ya fi dacewa. A 1997 aka fara gasar ƙwallon ƙafa ta mutum-mutumi mai suna RoboCup a Nagoya ta ƙasar Japan, kuma tun daga 2002 fannin yake da babban taronsa na shekara-shekara da ake kira AAMAS. Abin da ya zo sabo a 'yan shekarun nan shi ne wakilan da aka gina a kan manyan manhajojin harshe, wato manhajojin da aka horar da ɗimbin rubutu har suke iya rubuta magana irin ta ɗan Adam. Irin waɗannan wakilai su ne ke aika wa juna saƙo da maganar mutane maimakon tsayayyun alamomi. Wannan sauyi ne babba, amma tsofaffin matsalolin suna nan daram.

Wani abu da ya faru a 2011 yana nuna matsalar fiye da dogon bayani. Wani masanin ilimin halittu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Michael Eisen, ya lura cewa wani tsohon littafin kimiyya a kan halittar ƙuda ya yi tsadar da hankali ba zai ɗauka ba a shagon Amazon. Da ya riƙa bibiyar farashin kullum, sai ya gano cewa 'yan kasuwa biyu ne suka bar wa manhaja aikin sa farashi. Manhajar na farko tana duba farashin na biyu ta ninka shi da 0.9983, wato ta ɗan yi ƙasa da shi kaɗan domin ta janyo mai saye. Manhajar na biyu kuwa tana duba farashin na farko ta ninka shi da kusan 1.27. Idan kika haɗa lissafin biyu za ki ga cewa a kowane zagaye farashin yana tashi da kusan kashi 27 cikin ɗari, ma'ana littafin da ya fara a dala 100 zai wuce dala 1,000 bayan zagaye goma kacal. Haka suka yi ta hawa a kan juna har farashin ya haura dala miliyan 23 a watan Afrilu na shekarar, kafin a farga a gyara.

Abin lura a nan shi ne babu manhajar da ta saɓa umarnin mai ita. Kowace ƙa'ida, idan aka ɗauke ta ita kaɗai, tana da ma'ana a kasuwanci. Ɓarnar ta fito ne daga haɗuwarsu, kuma da za ki shekara kina nazarin kowace manhaja a keɓe ba za ki hango ta ba. Shi ya sa nake gaya wa duk mai sha'awar wannan fanni cewa abin bincikensa ba basirar wakili ɗaya ba ce, ƙa'idojin da ke tsakanin wakilan ne: wa zai yi magana da wa, yaushe, me zai faɗa, wa ke da ikon yanke hukunci, kuma me zai faru idan ɗaya ya yi kuskure ko ya yi shiru.

Yanzu ga lissafin da ke amsa tambayarki ta biyu kai tsaye. Ki ɗauka an jera wakilai goma, kowane yana karɓar aikin na gabansa ya ɗora nasa, kuma kowane yana yin daidai sau 95 cikin ɗari. Kowannensu abin yabo ne, amma damar a ce dukkansu sun yi daidai a jere ba ta wuce kashi 60 cikin ɗari ba, domin kuskuren na farko shi ne kayan aikin na biyu. Idan kuma aka sauya tsarin, aka ba wakilai uku tambaya ɗaya, kowane yana yin daidai sau 80 cikin ɗari, aka ɗauki ra'ayin masu rinjaye, sai damar samun amsa daidai ta tashi zuwa kusan kashi 90. A nan yawa ya yi rana. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi, wanda masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Condorcet, ya gina hujjarsa a kansa tun 1785 a nazarinsa kan ƙuri'ar masu yanke hukunci: dole kuskuren kowane ya kasance ba ya da alaƙa da na sauran. Wannan sharaɗin ne ya fi damuna game da abin da ake yayi a yau. Sau da yawa wakilai goman da ake alfahari da su manhaja ɗaya ce aka kwafa sau goma, aka ce wa wannan kai ne mai tsarawa, wancan kai ne mai dubawa. Horonsu ɗaya ne, inda ba su gani ma ɗaya ne, don haka abin da ya ruɗi marubucin yana iya ruɗar mai dubawar, sai a wayi gari da sa hannu goma a kan kuskure ɗaya, mai karɓar aikin kuma ya ƙara sakankancewa da abin da bai inganta ba. A ganina wannan ya fi kuskuren wakili ɗaya haɗari, saboda yana zuwa da kamannin tabbaci.

Idan wakilan masu koyo ne daga gwaji da sakamako, wahalar tana ƙaruwa ta wasu fuskokin. Wakili ɗaya mai zaɓi biyar a kowane mataki abu ne mai sauƙin lissafi, amma wakilai goma masu zaɓi biyar-biyar suna da haɗakar zaɓi sama da miliyan tara a mataki ɗaya tak. Sannan yayin da wakili yake koyon yadda zai yi da abokan aikinsa, su ma suna koyo suna sauyawa, dabarar da ta yi masa aiki jiya sai ta daina yi yau. Ga kuma tambayar rabon yabo da zargi: idan ƙungiya ta yi nasara, da wane ma'auni za a san wanda ya kawo ta da wanda ya raɓe kawai? Waɗannan uku kowace ta isa ta zama kundin digiri, kuma an yi rubutu mai yawa a kansu ba tare da an rufe ƙofa ba.

Batun wa ke da maganar ƙarshe kuwa ba na takarda kaɗai ba ne, ya taɓa cin rayuka. Manyan jiragen sama suna ɗauke da na'urar kauce wa karo mai suna TCAS, wadda idan jirage biyu suka kusanci juna take tuntuɓar takwararta da ke ɗaya jirgin su daidaita, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka. A daren 1 ga Yuli 2002, a sararin samaniyar Uberlingen da ke kudancin Jamus, na'urorin sun yi aikinsu: an umarci jirgin dakon kaya ya yi ƙasa, jirgin fasinja da ya taso daga Rasha kuma ya yi sama. Amma jami'in kula da zirga-zirgar jirage ya umarci jirgin fasinjan ya yi ƙasa, matuƙansa suka bi maganar jami'in, jiragen biyu suka sauko tare suka yi karo, mutum 71 suka rasu. Bayan wannan hatsari aka ƙara fayyace doka cewa idan umarnin biyu suka ci karo, na na'urar ake bi. Duk mai gina tsarin da mutane da manhajoji ke aiki tare ya kamata ya san wannan labari ciki da bai.

Kada wannan ya sa ki ɗauka cewa raba aiki tsakanin wakilai ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai a inda matsalar kanta a rarrabe take, wato inda bayanai suke warwatse, lokaci ya yi ƙaranci da za a jira umarni daga cibiya, ko kuma masu ruwa da tsaki ba su yarda su miƙa wa mutum ɗaya sirrinsu ba. Misali mai kyau shi ne tsarin Surtrac da aka fara gwadawa a 2012 a mahaɗun hanya tara a birnin Pittsburgh. Kowace mahaɗa tana kallon motocin da ke tunkaro ta, ta tsara wa kanta lokacin ba da hannu, sannan ta sanar da maƙwabtanta adadin motocin da za ta turo musu da lokacin da za su iso, su ma su shirya. Masu binciken sun ba da rahoton raguwar lokacin tafiya da kusan kashi 25 cikin ɗari a yankin gwajin. Ki dubi abin da mahaɗun ke faɗa wa juna: saƙo gajere, mai ma'ana ɗaya, wanda mai karɓa ya san abin da zai yi da shi. Rabin nasarar tana cikin wannan taƙaitawar.

Dangane da abin da za ki yi bincike a kai, shawarata ita ce ki nisanci aikin da ya tsaya a kan haɗa wakilai da nuna cewa sun yi wani abu mai burgewa sau ɗaya, domin irin wannan ya yi yawa kuma ba ya koya wa kowa komai. Ki zaɓi matsala ƙarama wadda ake iya auna sakamakonta, kamar raba ayyuka tsakanin na'urori, ko daidaita wutar lantarki tsakanin ƙananan tashoshi, ko duba kurakurai a rubutun manhaja. Ki fara gina wakili ɗaya mai kyau iyakar iyawarki, shi ne ma'aunin da za ki gwada komai da shi. Idan kin zo kwatanta shi da rukunin wakilai, ki ba ɓangarorin biyu ƙarfin kwamfuta da lokaci daidai wa daida, domin rahotanni da dama da ke cewa rukuni ya fi, idan aka bincika sai a tarar an ba rukunin ninkin abin da aka ba guda ɗayan. Daga nan ki shiga ɓata tsarin da gangan: ki kashe wakili ɗaya a tsakiyar aiki, ki jinkirta saƙonni, ki sa ɗaya ya riƙa ba da bayanin ƙarya, ki rubuta yadda sakamakon ke lalacewa a kowane hali. A nan aikin da masana kimiyyar kwamfuta Lamport da Shostak da Pease suka yi a 1982, kan yadda wakilai za su cim ma matsaya ɗaya alhali akwai maƙaryata a cikinsu, zai amfane ki, inda suka nuna cewa idan saƙonni ba su da sa hannun da ba a iya jabunsa, sai masu gaskiya sun haura kashi biyu cikin uku kafin a iya cim ma matsaya, wato ana buƙatar aƙalla wakilai huɗu domin a jure wa maci amana ɗaya.

Kafin ki fara, ki ƙarfafa kanki a lissafin yiwuwa, da ilimin lissafin dabarun gasa wanda masanin lissafi John Nash ya yi fice a kansa tun 1950, da kuma darasin tsarin kwamfutoci masu aiki a rarrabe. Ki maimaita kowane gwaji sau da yawa da yanayin farawa daban-daban, ki adana dukkan saƙonnin da wakilan suka aika wa juna, kuma ki saka sakamakon da bai yi miki daɗi ba a cikin kundin tare da wanda ya yi, ko da ya nuna cewa wakili ɗayan da kika fara ginawa shi ne ya yi nasara.